Daɓen Filin Kurket

Yanzu ba a jin ƙarar daɓe a ƙasarmu. Siminti ya kashe ta. Mutum zai kira birkila da safe, a kwaɓa, a zuba, a shafe, kafin la'asar an gama, yara su zo su zana sunansu a kai da tsinke. Da ba haka ba ne. Da idan za a kai amarya, kwana bakwai unguwa ba ta da wani sauti sai na madaɓi. Mata goma ko fiye, a durƙushe a ɗaki ɗaya, kowace da guntun itace mai faɗin ciki, suna dukan ƙasa tare, har ka ji abin a ƙirjinka kana can bakin rijiya. Warin makuba ya cika gida, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ya yi baƙi, wanda ake yayyafa wa ƙasar don ta kama. Idan an gama, ɗaki ya yi santsi, ya yi sanyi, ka kwanta a kai da zafin bazara ba ka neman tabarma. Uwata ce shugabar wannan aiki a Getso. Inna muke ce mata. Ba ta da yawan magana, kuma a wurinta na gado.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne dalilin da ya sa take ja na duk inda za ta. Daɓe aikin mata ne. Sa'o'ina suna kiwo, suna harbin tsuntsu, ni ina gindin Inna da ƙaramin madaɓi. Ko Sabon Birni aka kira ta, ko cikin Gwarzo, sai ta sa ni gaba. Yara suka sa mini suna ɗan daɓe, na yi dambe a kan sunan nan ya fi a ƙirga. Babana ya yi magana sau ɗaya, ta ce, "Malam, ka bar mini wannan." Bai ƙara ba. A haka na iya aikin. Na san ƙasar shuri mai kyau da mai yashi. Na san yawan tsakuwar da ake sawa. Na san lokacin da daɓe yake zufa yana son duka, da lokacin da yake son a ƙyale shi. Abu ɗaya Inna take maimaitawa. "Auta, idan ka fara, babu inda za ka sai ƙasar ta bushe a hannunka. Safe da yamma, kwana bakwai. Ka tsallake yini ɗaya, za ta tsage, kuma ba ta gyaruwa."

Na bar gida ina saurayi, shekarar da gero ya ƙi. Cirani na tafi, da niyyar in dawo da ruwan farko. Jirgin ƙasa ya kwana biyu da ni ya sauke ni a wani babban birni can Kudu, bakin teku. Na yi dako a kasuwa wata uku. Wata rana ina faɗa da wani mai amalanke, wani dattijo dogo ya tsaya yana saurare. Da na gama zagi ya ce, "Kai, wannan bakin na ƙasar Gwarzo ne." Sunansa Baba Sale, mutumin Sabon Birni, ya shekara talatin bai ga gida ba. Shi ne shugaban masu kula da filin kurket na birnin. Ya ce, "Ka iya riƙe lauje?" Na ce na iya. Ya ce in biyo shi.

Ban taɓa ganin fili irin wannan ba. Ƙasa shimfiɗe, zagayayya kamar faifai, da za a shuka ta dawa da ta ci da gida biyar. Ba a shuka komai. Ciyawa ce kawai, ita ma ba a barin ko akuya ta ci. An zagaye gefen da igiya mai kauri. Daga yamma akwai rumfar manya, ta katako, mai baranda da agogo a goshinta, da ƙararrawa da ake kaɗawa idan za a fara wasa ko za a sha shayi. A cikinta an jera hotunan Turawa matattu da fararen kaya. Daga gabas akwai matakalar siminti ta 'yan kallo. Can kusurwa akwai baƙin allo mai tsayin bene, inda ake rataye lambobi na kwano a kan ƙusa. Sai wasu fararen alluna biyu masu taya, ɗaya kudu ɗaya arewa, waɗanda muke turawa don mai bugu ya ga jar ƙwallo sosai. Amma duk wannan ado ne. Ran filin yana tsakiya: wani ɗan tsiri na busasshiyar ƙasa, tsawon taki ashirin da biyu, wanda ake shimfiɗa wa tabarmar igiyar kwakwa a kafe ta da ƙusoshi. Tsakiya kawai muke ce masa. Ranar farko na taka shi da takalmi, Baba Sale ya make ni a ƙeya. Ya ce, "Ka taka kan Sakatare ya fi sauƙi." Sakatare shi ne babban da muke aiki a ƙarƙashinsa.

Wasan kuwa har yau ban gane shi duka ba. Mutum ɗaya zai sheƙo da gudu ya jefa ƙwallo ta bugi ƙasa ta tashi. Wani zai tare ta da katako don kada ta kayar da sanduna uku da aka kafa a bayansa. Sauran suna tsaye a rana da fararen kaya kamar balbelu. Tun hantsi har yamma, wani lokaci kwana biyu ko uku. Ƙwallon ja ce, mai ɗinki, taurinta kamar goriba. Ba ihu irin na ƙwallon ƙafa. Sai ƙarar katako, sai tafi kaɗan, sai shiru. Baba Sale ya ce wurin fadama ce da, Turawa suka cike ta da hannun fursunoni. Sojojinsu sun yi fareti a kai, daga baya suka mayar da ita ta wasa. A zamaninsu baƙar fata ba ya shiga sai da lauje ko tiren shayi, sauran ta jikin shinge suke leƙe. Da suka tafi, lauyoyi da likitoci da 'yan makaranta suka gaje ta, har da shan shayin. Matakalar simintin kuwa an gina ta ne lokacin da arzikin mai ya zo. Ban taɓa ganin ta cika ba.

Filin nan ba ya sakin mutum. Ɗan cirani yana komawa gida idan ruwa ya sauka. Mu kuwa da rani ake wasa, ba hutu. Da damina ciyawa take haukacewa, ka yanke gabas, kafin ka kai yamma gabas ta tashi. Duk shekara sai in ce da Baba Sale bana zan je gida in yi noma. Sai ya ce, "Ni ma haka nake cewa." Ina zuwa dai da Sallah wani lokaci, in kwana huɗu in juyo. Inna takan dubi hannuna ta ce, "Me kuke shukawa a can?" In ce ba komai. Ta ce, "To me kuke girbewa?" Ban taɓa gaya wa kowa a filin cewa na iya daɓe ba. Na bar sunan nan a Getso, ba na son ya biyo ni.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Wanda bai gani ba ba zai gane ba. Layin sabulu, layin madara, layin shinkafa, soja da bulala a gefe. Mu goma sha biyu ne a filin, muka koma huɗu. Injin da ke jan rola, wato ƙaton ƙarfen danne ƙasa, ya lalace, aka ce kayan gyaransa sai daga waje, kuma waje ta rufe. Famfon ban ruwa ya ƙafe. Tsakiya ta fara tsagewa, ta yi tudu da kwari a ƙarƙashin tabarma. Ƙwallo ta daina bin hanya. Wata Asabar ta tashi ta zubar wa wani ɗan makaranta haƙora biyu. A cikin wannan hali aka ce 'yan wasan wata ƙasa maƙwabciya za su zo, saura mako biyu. Sakatare ya zo ya tsaya a tsakiya, ya yi ta Turanci yana nuna ƙasa da sandarsa. Baba Sale ya fassara mana. Idan baƙi suka ƙi wurin, za a kai wasan wani gari, kuma ba lallai a sake buɗe filin ba.

Da Sakatare ya tafi na durƙusa na murza ƙasar a hannuna. Na ce, "Baba, wannan ai daɓe take so."

Ya dube ni. "Daɓe? Amarya za mu kawo?"

"A samo mini ƙasar shuri da tsakuwa. A je zango, unguwar Hausawa, wurin masu daddawa a samo ɓawon ɗorawa. Ni zan yi."

"A ina ka koya? Ko kai ne ɗan matar nan ta Getso da ake ba da labari?"

Na ce ni ne. Ya yi dariya har ya zauna a kan rola. Da ya gama ya share ido ya ce, "To, uwar ɗaki, me za mu fara?"

Muka fasa tsakiya da diga. Muka ɗebo ruwa a garwa daga unguwar baya. Na sassaƙa madaɓai huɗu daga reshen da iska ta karya. Na nuna wa sauran yadda ake yi, amma hannunsu bai san abin ba. Ɗaya yana duka kamar yana kashe maciji, ɗaya yana shafa kamar yana lallashin jariri. Baba Sale gwiwarsa ba ta durƙuso. Suka koma ɗibar ruwa da riƙe mini buhuna don inuwa, duka ya zama nawa ni kaɗai. Taki ashirin da biyu, safe da yamma. A rana ta biyu ƙasar ta fara amsawa. Na ji sautin nan na gida yana tashi a tsakiyar birnin mutane, yana bugun matakalar siminti yana dawowa. Ban taɓa jin daɗin aiki a filin nan kamar ranar ba. Gara in faɗi gaskiya.

A rana ta uku da hantsi na ga mutum yana tsallako igiya da babbar riga. Ɗanladi ne, fatken goro na cikin Gwarzo, wanda yake kai mini saƙo gida. Muka gaisa, gajiya, hanya, mutanen gida, ruwa. Bai gaggauta ba. Sai ya ce, "Yayarka Hansai ce ta aiko ni. Inna ba lafiya. Kwananta tara ba ta ci tuwo ba. Ta ce a kira mata Auta."

Na ce, "Jikin ya yi tsanani?"

Ya ce, "Ni dai abin da aka ce in faɗa ke nan. Motarmu za ta tashi bayan azahar. Akwai wuri a kan buhuna."

Na dubi tsakiya. Tana zufa, lokacin duka ya yi. Saura kwana huɗu. Baba Sale ya ji komai. Ya matso ya ce, "Tafi, ɗana. Ƙasa ce. Mu ma za mu buga."

"Za ta tsage, Baba."

"Ta tsage."

"A rufe filin?"

"Ni uwata tana mutuwa ina tura farin allon can. Tafi."

Ba wanda ya riƙe ni. Sakatare bai ma san an yi ba. Ba zan ɗora wa kowa ba. Muryar Inna ce na ji a kaina, tana cewa idan ka fara babu inda za ka. Na ce a raina ita da kanta ba za ta so in bari ba, idan na je na ce na bar daɓe a rabi, ba za ta dube ni ba. Na ce da Ɗanladi, "Ka ce mata ina daɓe. Ka faɗa mata haka, za ta gane. Kwana huɗu ina tafe." Ya dube ni, ya dubi itacen da ke hannuna, ya ce, "Allah ya kai mu." Ya tsallake igiya ya tafi. Na durƙusa na ci gaba.

Daɓen ya yi kyau. Ban taɓa ganin wanda ya fi shi ba, har na Inna. Ya bushe ba tsaga ko ta gashi, ka buga shi ya yi ƙara kamar ƙwarya. Ranar da na gama ban sami mota ba, jirgi kuma ya daina tafiya kan lokaci, sai na ga farkon wasan. Shugaban baƙin ya ɗaga tabarma ya shafa ƙasar, ya tambayi wane inji ne ya yi. Sakatare ya yi murmushi. An yi kwana biyu ana wasa, daga baya na ji wai an tashi ba wanda ya ci.

Na sauka a tashar Gwarzo da rana tsaka, na taka zuwa Getso. Tun daga bakin gari na ga tabarmi a ƙofar gidanmu. An binne ta kwana biyu kafin in iso. Ba wanda ya zage ni. Da an zage ni da ya fi. Yaya Hansai, wadda take aure a Masanawa ta ƙasar Kabo, ta kawo mini ruwa. Na ce, "An faɗa mata saƙona?" Ta ce an faɗa. Na ce, "Me ta ce?" Ta ce, "Ba ta ce komai ba. Ta juya ta dubi bango." Na ɗauki wannan shirun na fassara shi yadda zai bar ni in yi barci. Na ce ta gane. Ana yin sadakar bakwai na koma Kudu, domin ban iya zama inda kowa ya san abin da ya tsayar da ni ba.

Shekaru suka wuce a filin. Baba Sale ya mutu a ɗakin ajiye rola, muka binne shi a maƙabartar zango, bai ga Sabon Birni ba. Na gaje shi. 'Yan wasa suka ragu, lauyoyin suka tsufa, 'ya'yansu suka fi son ƙwallon ƙafa. Aka fara ba da hayar filin ga masu biki da masu wa'azi, suna kafa rumfuna, suna haƙa ramin turaku a ciyawa. Agogo ya tsaya. Lambobin kwano aka sace su ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ina tsare tsakiya, ina zagaye ta da ƙaya idan za a yi taro. Na ba da abin da na ba da saboda ita, ba zan iya tafiya in bar ta ba. Wata safiya na tarar an shigo da motar yashi, wai za a zuba siminti a tsakiya a shimfiɗa ciyawar roba, ba sai an riƙa ba ta ruwa ba. Yini ɗaya suka gama. Na naɗe tabarmata.

Na dawo gida daidai lokacin da Shari'a ta zo. Gari ya canza. An daina kiɗa a dandali, lasifika ta yi yawa, kowace unguwa tana buɗe Islamiyya. Gidanmu na Getso an raba, ba ni da ɗaki a ciki. Yaya Hansai ta ce in zo Masanawa. Gidan malamai ne, mijinta ya rasu, babban ɗanta Malam Sani shi ke riƙe da makarantar. Suka ba ni ɗaki kusa da zaure. Ban iya karatu ba, ban iya noman kirki ba kuma, sai share ƙofar gida. Na share ta fiye da yadda take bukata.

Bara Malam Sani ya ce ɗalibai mata sun yi yawa, zai mai da tsohon ɗakin uwarsa aji, ya gina mata sabo. Aka fitar da gado da kwalla da tukwane. Aka ɗaga ledar da ke ƙasa, da tsohuwar tabarmar da ke ƙarƙashinta. Na shiga don in taya su. Sai na tsaya. Daɓe ne na da, irin na makuba. Daga ƙofa zuwa taki huɗu yana nan sumul, baƙi, yana sheƙi bayan shekara sittin. Daga nan zuwa bango kuwa duk ya tsage kamar bakin tafki da rani, an cusa tsumma da toka a ramukan. Na san hannun da ya fara shi. Na kuma san abin da ya same shi.

Na ce, "Yaya, wa ya bar wannan daɓe a rabi?"

Tana zaune a bakin ƙofa tana jan carbi. Ta ce, "Inna."

"Inna ba ta barin daɓe."

"Ta bar wannan. Ɗakin aurena ne. Ta zo da matanta kwana bakwai kafin a kawo ni, ta bar ka a Getso wurin goggo, kana shekara biyar. A rana ta uku aka aiko cewa ƙyanda ta kama ka, idonka ya rufe. Madaɓin ma a nan ta yar da shi. Da ƙafa ta tafi, ba ta jira jaki ba. Matan suka ƙarasa yadda suka iya." Ta ja carbi biyu. "Na sha gori a gidan nan. 'Yar mai daɓe, ɗaki a tsage. Har dangin miji suna cewa in yi hankali kada jariri ya faɗa."

Na ce, "Ba wanda ya gaya mini."

"Ita ta hana. Ta ce kada yaro ya taso yana jin shi ya ɓata ɗakin yayarsa. Daga ranar ba ta ƙara zuwa ko'ina ta bar ka ba. Kai ba ka taɓa tambayar kanka me namiji yake yi a cikin matan daɓe ba?"

Malam Sani ya leƙo ya ce, "Kawu, birkila ya iso, a fara?" Na ce ya ba ni zuwa azahar. Ya dubi uwarsa, ta ɗaga masa kai. Suka fita. Na zauna a ƙasa, na sa tafin hannuna a daidai inda santsi ya ƙare, tsaga ta fara. Nan ta ajiye. Ina zaune har aka kira salla.

Yanzu siminti ne a wurin, an shafa masa jan fenti. 'Yan mata suna zama a kai da safe suna biya karatu. Ni ina bakin ƙofa da tsintsiya. Ba wanda ya san akwai wani abu a ƙarƙashi sai ni da Yaya. Taki huɗu ne daga ƙofa. Kullum sai na ƙirga.